Mai Hayar Tabarma a Madarumfa

Wani baƙo ya tambaye ni ina dutsen yake.
Na ce, Malam, ai nan Madarumfa ce.
Abin da ya fi tsawo a garinmu kuka ce,
sai tudun can da jakin Nomau ke hawa ko nishi ba ya yi.
Ya yi dariya, ya biya dala ashirin, ya zauna.

Tabarmi goma sha ɗaya gare ni.
Biyu sun tsufa, ina shimfiɗa su ta gefen da bai zare ba.
Ran Lahadi, kafin hantsi, duk sun tafi aiki,
ni kaɗai ke zaune a ƙasa.

Motoci na zuwa daga Maraɗi,
’yan kasuwa, malaman lekwal, wata likita mai farin tabarau.
Suna cire takalmi, suna nutsa ƙafa cikin rairayi,
su ce, kai, iskar nan!
Iskar nan ce ta ɗage mini rufin ɗaki bara,
amma mai haya ba ya ɓata sunan hajarsa.

Da safe tabkin nawa ne.
Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi,
kirinjijiya na ta gulma a cikin ciyawa,
Tunau na janyo koma, tarwaɗa uku, karfasa ɗaya,
yana zagin kifin da ya tsere da sunan kakarsa.
Ba wanda ya biya kuɗin ganin wannan.
Baƙi na barci a birni lokacin.

Likitar ta ce mini, Barira, kin ji daɗi,
a nan kike kwana, a nan kike tashi.
Na ce haka ne.
Ban faɗa mata sauron Agusta ba,
ko daren da ruwa ya zo har bakin randa
muka ɗora gero bisa gado, mu muka kwana tsaye.

Ɗana Arzika kuwa ya ƙosa da kyan wurin.
Ya ce ruwa ne kawai, Inna, jiya ma shi ne.
Babur yake so, da fitilun titin Maraɗi.
Makon jiya wayar wani ta faɗa daga kwalekwale,
ya yi nutso sau huɗu, ya fito da ita da laka a hanci,
aka ba shi jikka biyu.
Ya sa su a gwangwanin tumatir, ya ce tayar gaba ke nan.

Magariba na yi, motoci na juya baya.
Ina bin inuwar gawo ina naɗe kayana,
ina tsintar ledar ruwa, ƙashin kifi, ɗan kunne guda.
Wata tabarmar da sauran ɗumin mutum a jikinta.

Ita nake shimfiɗawa a bakin ruwa.
In miƙe ƙafa, in ce wa kaina, dala ashirin, Hajiya.
In ce, rubuta, zan biya Lahadi.
Rana na shiga tabkin a hankali kamar mai tsoron sanyi,
jemagu na fitowa daga kuka,
daga nesa Arzika na kwaikwayon ƙarar babur da baki.