Mita Arba'in

Ni ne mai jar riga a ƙofar gidan cin kifi,
bakin teku, Jidda, bayan sallar isha.
Ana miƙo mini makulli ba a dubi fuskata ba.
Daga ƙofa zuwa ramin ajiya mita arba'in ne,
kuma a cikin arba'in ɗin nan
babu motar da ban mallaka ba.

Nawaf da Foshe yake zuwa, ƙofa biyu, ruwan toka.
Shigarta sai ka durƙusa kamar mai gaida suruki.
Injin a baya yake, ta ƙeya take yi maka gurnani,
kujerun baya kuwa, ko kyanwa sai ta naɗe wutsiya.
Amma kama sitiyarin ka ji:
kafin ka gama niyyar shan kwana, ta sha.

Ɗan baffansa Mish'al, Marsandi ce, doguwa, baƙa, ƙofa huɗu.
Falo ne aka sa wa taya.
Ka rufe ƙofa duniya ta yi tsit,
kujera ta hau matsa maka baya
kamar ta san tun la'asar kake tsaye.
Wajen ajiya ni nake biyan kuɗin tsawonta,
gaba, baya, gaba, baya,
kamar mai shigar da gado ta ƙofar ɗaki.

Daren Alhamis suka tsaya gabana suna musu.
Wannan ya ce sakan uku da ɗoriya,
wancan ya ce dawaki ɗari biyar.
Aka jawo Awdi cikin zancen, aka jawo Leksos,
aka ci naman Jaguwa ba ta nan.
Babikir, abokin aikina ɗan Umdurman, ya raɗa mini:
dawaki ɗari biyar,
kuma duk danja ɗaya ke tsare su a Titin Tahaliya.

Ana cikin haka Dakta Rihab ta iso da Bi'em fara.
Ta danna maɓalli, rufin ƙarfe ya miƙe,
ya karye gida uku, ya kwanta a but
kamar an ninke sallaya.
Musu ya tsaya, kowa ya saki baki.
Ni kuwa ina lissafi:
wata nawa Jidda ke barin mutum ya buɗe kai?
Janairu, wataƙila rabin Fabrairu.
Saura gumi ne da gishirin teku.
In rufin ya kwanta kuma,
kwali biyu na dabino sai an yi musu dabara.

Nawaf ya karanto sunana a ƙirjin rigata.
Ya Ilyasu, duk ka tuƙa su, raba mu.

Na ce ranka ya daɗe, ban taɓa wuce gudun ashirin ba.
Abin da na sani kaɗan ne.
Na san wadda kujerarta ke tuna mai ita,
ina fita ta koma wurinta, ta shafe ni.
Na san wadda ke ƙamshin turaren udu,
da wadda katin asibiti ya kwana uku a aljihun ƙofarta.
Taka kuma akwai takalmin yaro, ƙafa ɗaya,
ƙarƙashin kujera tun watan jiya.

Ya yi shiru. Ya je ya duƙa ya laluba, ya fito da shi, shuɗi.
Mish'al ya yi dariya ya miƙo riyal goma.
Ba a raba musun ba, an tafi cin kifi.

Ƙarfe biyu, allon makullai ya koma fayau,
saura ɗaya, mai igiya.
Kirsida ce, ta girmi Nawaf,
iyakwandishan ta mutu tun ina saurayi,
gilashin hagu sai an taimaka masa da hannu.
Babikir ya tura, ta yi tari, ta yi tari, ta kama.
Ya ruga ya faɗo ciki yana haki.
Daga nan zuwa unguwar Sabil
kilomita goma sha tara ne,
kuma kujerar tana nan yadda na bar ta.