Allon da Sahabi Bai Gama Ba

Mutumin da ke jikin allon shagona kunne ɗaya gare shi.
An yi masa aski rabi,
dama ƙwal, hagu cunkus,
yana kallon titin Rijiyar Ɗorowa
da ido guda mai rai, da guda da ba a ɗiga wa baƙi ba.
Masu zuwa aski kan ce, wa ya yi maka wannan ɓarna?
Sai in ce, zauna, sunkuyar da kai,
mai aikin ya je sayen fenti.

Sahabi ne, ɗan Inna Kulu.
Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu.
Ubansa majemi, ya so ya gaje shi,
shi kuwa warin jima amai yake sa shi.
Sai ya saci ƙyallen fatar jar akuya,
ya ɗame bakin gwangwanin kifi,
ya cire wayar birki daga keken yayansa.
Ranar na ji kukansa ta katanga.
Da dare kuma na ji kuntigi.

Da rana fenti, da dare kiɗa.
Motocin albasa masu gangarawa Kudu
duk da hannunsa a bayansu:
dawisu, jirgin sama, dabino mai 'ya'ya shuɗɗa,
da wani zaki ramamme mai fuskar tunkiya.
Direban ya zo yana kumfar baki,
Sahabi ya goge hannu a riga, ya ce,
"Mi kaka so? Zakin ga azumi shikai."
Har yau motar na bin hanya da zakinta.

Bai iya roƙo ba, shi ya sa bai tara ba.
Ya bar masu babbar riga suna jira,
ya je ya yi wa masu ɗibar yashi a Rima waƙa,
da 'yan ga-ruwa, da tsohuwa mai daddawa,
har almakashina ya samu baiti biyu.
Ladansa shayi, wani lokaci da burodi.

Amma akwai baƙon da ke zuwa masa tun yana goye,
mai shiga ƙashi in damina ta sauka.
Idonsa ya koma ruwan ɗorawa,
yatsun da ke tsinkar waya su kasa riƙe kofi.
In na leƙa, ya ce, "Baƙona na nan, Ɗanjumma,
bari shi ƙoshi shi tahi."
Sau nawa ya ƙoshi ya tafi?
Mun saba, har muka daina tsoro.

Talata ya zo da buroshi uku a aljihu.
Ya zana kai, ya zana kunne, ya ja da baya yana dubawa,
ya karɓi rabin kuɗi, dubu ɗaya da ɗari biyar,
ya ce baƙi ya ƙare, zai leƙa Tsohuwar Kasuwa.
Hadari ya haɗo daga gabas.
Alhamis asibiti.
Juma'a, kafin ladan ya yi gyaran murya.

Shekara ashirin da shida.

Da muka kai shi Tudun Wada,
direbobi sun jera motoci a bakin hanya,
ba wanda ya danna oda.
Dawisu, jirage, dabino, duk sun zo,
da zakin nan mai azumi, a can ƙarshe.

Waƙa uku suka rage a wayar wani yaro,
janareto na gunji a bayan muryarsa.
Kuntigin na rataye a ɗakin Inna Kulu,
zafin bazara ya tsaga fatar.

Wani mai fenti ya ce zai ƙarasa mini allon kyauta.
Na ce a'a.
Ina bin Sahabi kunne ɗaya da ƙwayar ido,
kuma bashin nan ba na son a biya.
Allah ya sanyaya makwanci, maƙwabci.
Kowace safiya ina goge allon da hannun rigata.