Kwando a Bakin Ƙofa

Kwana tara takardar Sidni na cikin aljihun rigata,
ta sha gumi har tawadar ta fara narkewa.
Albashin da ke ciki, in na faɗa wa mahaifiyata a Pokhara,
sai ta nemi wurin zama.

Na ce wa Ubangiji, yi magana.
Ba na son mafarki mai harshen damo,
murya nake so, ko da gyaran murya ne daga sama.
Shiru.
Sai janareta yana tari a bayan ɗakin tiyata,
ruwan damina na dukan kwano kamar mai bin bashi.

Fasto Khagendra ya ce, "Likita, kira ba ya zuwa da ganga."
Na ce a raina, kai ba ka taɓa ɗinke hanji
da fitilar waya a bakinka ba.
Na sha shayinsa, na yi godiya, na fito
da tambayata yadda na shiga da ita.

Asibitin mishan ne, gado goma sha tara,
a maƙale jikin dutse kamar sheƙar tsattsewa.
Hanyar mota ta zabtare tun makon jiya.

Ƙarfe biyun dare aka buga ƙofa.
Wani mutum, igiya a goshi, kwando a baya,
cikin kwandon 'yarsa Phulmaya, shekara goma sha ɗaya.
Ta faɗo daga bishiya tana sarar wa bauna ganye.
Yini biyu yana tafe, gada uku ta igiya,
takalminsa ɗaya ya tafi da kogi.
Cikinta ya kumbura, leɓenta fari kamar toka.

Saifa ce ta fashe.
Jini leda biyu muke da shi, na uku daga hannun mai gadi.
Sista Dilmaya ta riƙe fitila, tana addu'a ƙasa-ƙasa,
ni kuwa ban yi addu'a ba, ƙirga nake yi.
Hannuna ya san abin da zuciyata ke musu a kai.

Da asuba yarinyar ta nemi ruwa.

Uban bai tambayi sunan wanda muke bauta wa ba.
Jan ɗigon ibadarsa na goshi, ruwa ya wanke rabi.
Ya ajiye masara huɗu a kan teburina,
ya ce, "Wata mai zuwa in na dawo da ita,
wa zan tarar?"

"Ni," na ce.
Bakina ya riga ni.

Yanzu ina zaune a kan matakala, ƙafafuna na rawa.
Wannan ne kiran? Ko gajiya ce ta ari bakina?
Ko son a ce ba ni da madadi?
Na san makon jiya mun rufe fuskar Tek Bahadur
saboda iskar da ta ƙare a tulu,
ranar ban ji kowa ya kira ni ba.

Dilmaya ta fito tana shanya safar hannu a igiya,
ɗaya bayan ɗaya, don gobe ma da su za a yi.
Ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina nan.
Murya? Ban taɓa ji ba.
Kullum dai in na buɗe ƙofa akwai wani a tsaye,
ni kuma na ɗauka Almasihu ne ya aiko shi,
wata rana ma ina zaton shi ne da kansa, a jiƙe."

Hazo ya ɗaga, ƙanƙarar dutse ta kama rana.
Kwandon na jingine a bakin ƙofa, yana ɗiga.
Ban yaga takardar ba, ban kuma amsa ba.
Na danne ta da kofin shayi,
na wanke hannu har gwiwa.
Gado na shida yana kira,
shi kam da murya.