Kwaɗon da Bai Sauka Ba

Babana Tokuji mai zanen fitilun takarda ne
a bayan Asakusa, lungun masu gasa kifi.
Wata rana ya ga zanen Turawa yana tafiya a bango,
ya dawo gida, ya ture kwanon shinkafa,
ya ce wa innata: Oriki, ashe zane ma yana da ƙafa.
Ta ce: to aike shi kasuwa ya sayo mana gawayi.

Ya jinginar da rigar aurensa, ya ɗauko hayar na'ura,
baƙin akwati mai ido ɗaya, da mariƙi irin na injin niƙa.
Allo baƙi, alli fari,
ni kuma shekarata tara, rabona tsumma da mariƙi.

Ya zana kwaɗo a bakin rijiya.
Juya, Fusa. Na juya sau ɗaya.
Goge ƙafar baya. Na goge.
Ya sake zana ta, ta ɗaga da faɗin ƙwayar shinkafa.
Juya.
Zane goma sha shida ke cika daƙiƙa guda.
Tun ƙanƙara na narkewa a kan rufi
har ruwan watan shida ya sauko,
kwaɗon nan bai gama tsallake rijiyar ba.

Alli ya shiga miyarmu, ya shiga tarinmu.
Hasken fitila ya dafa idon babana,
da dare sai ya jiƙa ƙyalle da shayi mai sanyi, ya ɗora, ya kwanta rigingine.
Sau biyu kyanwa ta share allon da wutsiya.
Sau ɗaya na yi atishawa, gwiwata ta ture na'ura,
aikin kwana huɗu ya karkace.
Bai ɗaga hannu ba. Ya sa almakashi ya yanke wurin,
ya fita ya tsaya cikin ruwa ba laima.

Ranar nuni, a ɗakin kallon da ke warin taba da jiƙaƙƙen takalmi,
Genzo mai ba hotuna murya ya tsaya gefen farin ƙyalle,
ya ara wa kwaɗonmu muryar tsohon mai karɓar haraji.
Minti biyu ne duka.
Wata mai goyo ta yi ihu: ya motsa!
Dariya ta tashi daga kujerun baya kamar garken tattabaru.
Babana bai dubi ƙyallen ba,
ya juya masa baya yana kallon bakunan mutane.
Kuɗin da aka biya bai fanso rigar ba.

Shekara shida bayan haka, da tsakar rana,
kowane gida ya hura wutar abinci,
ƙasa ta yi girgizar da ta yi.
Fim ya fi auduga son wuta.
Gwangwanin ya tafi, allon ya tafi, lungun ya tafi,
Genzo ma ba a sake jin muryarsa ba.

Yanzu jikokina na zaune gaban talabijin,
yaran ƙarfe na tashi sama, manyan idanu na walƙiya.
Ba na musu gardama.
Sai dai hannuna na dama yakan juya shi kaɗai a kan cinyata.

A gwangwanin shayi ina da abu guda:
guntun da babana ya yanke ranar atishawa.
Innata ce ta tsince shi ta naɗe zare a kai,
yana cikin hannun rigarta ranar da muka gudu bakin kogi.
Hoto takwas, duk a karkace.
In na ɗaga shi wajen taga,
kwaɗo na sama, ƙafafu a miƙe,
rijiya ta zame gefe, ƙasa ba ta shigo ba tukuna.

Ƙaramin jikana, Noboru, ya ce: Kaka, ina zai sauka?
Na ce: riƙe shi ta gefe, kar ka sa yatsa a tsakiya.