Ɗigon Ja

Kwana huɗu na bar teburin shayi,
na damƙa wa Talle makulli da littafin bashi,
na tafi ɗaukar karatu da furfura a gemu,
a wani aji can wajen Ƙofar Sauri
inda fanka ke juyi kamar an yi mata dole.

Malama Sahura ba ta fara da wa'azi ba.
Farar takarda ta shimfiɗa, ta ce mu zana unguwa:
ga masallaci, ga famfo, ga injin niƙa,
ga dakalin da dattawa ke tsinka gardama.
Sannan ta ce, "To, ku ɗiga ja
a duk ƙofar da mai ita ya daina fitowa."

Ajin ya yi tsit.
Barira ungozoma ta ɗiga uku ba ta ɗaga kai ba,
mata ne, sun sauka lafiya, walwala ba ta dawo ba.
Lurwanu mai horar da 'yan ƙwallo ya ɗiga biyar,
samarin da kwalba ta fi shi iya kira.
Ni kuwa alƙalami ya tsaya mini a sama,
don ɗigon farko a zauren gidanmu zai faɗa:
Mani, ƙanena, tun da ya baro ƙauye da rigar wuyansa
barci bai sake yi masa sallama ba.

Rana ta biyu, lissafi.
"Niyya ba ta sayen tabarma," in ji Malama.
Me za a yi, wa zai yi, yaushe, da nawa?
Wa zai gaida mai unguwa, wa zai sanar da liman?
In taro ya watse, wa zai naɗe shimfiɗa?
Na rubuta tabarma biyu, buta, sukari kwano guda,
daren Laraba bayan lisha.
Ta ja layi a ƙarƙashin sukari: "In ya ƙare fa?"
A nan muka wuni.

Rana ta uku aka koya mana yin shiru.
Ashe ya fi dakon buhu wuya.
Mutum na magana, "yi haƙuri" na ƙaiƙayi a harshenka,
ka haɗiye, ka bar shi ya kai aya.
Aka ce mu binne sunan nan da yara ke jifa da shi,
mu san inda ƙarfinmu ya tsaya,
mu san ƙofar asibiti da wanda za a nema.
Mai shayi ba likita ba ne,
amma hanyar likita tana iya bi ta gaban teburinsa.

Ranar sallama aka ba mu takarda mai gida-gida:
mutum nawa suka zo, nawa suka dawo, nawa aka raka.

Jiya Laraba ta shida.
Tara suka zauna, har da direban da ya ce mu 'yan zaman banza ne.
Mani na bakin tabarma, inda ya saba,
mako biyar ko tari bai yi mana ba.
Ya kurɓa, ya dubi kofin, ya dube ni,
ya ce, "Yaya, citta ta yi yawa."

Na duba takardar Malama sama da ƙasa,
babu gidan da aka tanadar wa wannan magana.
A gefe na rubuta ta, da ƙananan baƙi,
na tashi na ƙara ruwa a buta.