Kati a Gwangwanin Shayi

Ranar da katin ya iso tsibirinmu
jirgin gwamnati ne ya kawo shi, da tuta da lasifika.
Wani mai farar riga ya hau kan akwatin kifi,
ya ce daga yau ciwo ya daina cinye gida.
Muka tafa har awaki suka watse.

Babana, Daeng Sikki, ya karɓi nasa da hannu biyu,
ya shafa, ya sansana,
ya ce, "Rosmini, duba mini, ni ne a ciki?"
Na ce kai ne, Baba, har da lamba mai tsawo.
Ya yi dariya:
"Shekara saba'in ina shiga teku, bai taɓa tambayar lambata ba."

Damina uku ke nan yana ta rufe masa ido.
Mutumin da ke karanta taurari kamar wasiƙa,
ya kai jirgi Selayar da tsakar dare babu fitila,
yanzu da lalube yake gano ƙofar ɗakinsa.

Hasriani, nas ɗinmu tilo,
mai awon jini da ƙwayar zazzaɓi,
ta rubuta takarda, ta buga hatimi.
"Aikin kyauta ne," in ji ta, "amma a Makassar."
Sai ta kalli ruwa, ta yi shiru.

Kati ya san likita, ya san gado, ya san allura.
Bai san igiyar ruwa ba.
Bai san jarkar mai nawa ke tsakanin ido da gani ba.

Zuwan farko layi muka samu, aka ce mu dawo.
Ciyawar tekun da na shanya wata biyu ta tafi a nan.
Zuwa na biyu hatimin ya tsufa da kwana huɗu,
'yan kunnen mahaifiyata suka bi ruwa.
Kafin na uku na je wurin Puang Mattola da daddare,
ban gaya wa Baba abin da muka yi ciniki ba.

Gaskiya ɗaya ce: ko rupiya ba su karɓa ba.
Likitar yarinya ce, hannunta sanyi.
Da aka cire bandeji ya daɗe yana kallona,
ya ce, "Yaushe kika yi furfura ba ki faɗa mini ba?"

A jirgin haya muka dawo.
Tun daga nesa yake ƙirga jiragen gaɓa da yatsa,
kowanne da sunan mai shi,
har ya zo kan wani mai sabon shuɗin fenti.
Fenti ba ya ɓoye jirgi ga wanda ya sassaƙa shi.
Yatsan ya tsaya. Ya sauka a hankali.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Da dare ya zauna a kan yashi
yana kiran taurari ɗaya bayan ɗaya
kamar mai gaida abokai bayan doguwar tafiya.
Can ya ce, "Katin nan ya cika alkawari.
Sai dai wanda ya rubuta shi a tudu aka haife shi."

Na mayar da shi gwangwanin shayi,
tare da rasit uku na mai.
Ido ɗaya aka yi.
Na hagu an ce mu dawo bayan wata shida.