Matakala Ɗari da Sittin

A Valparaíso, makarantarmu a kan tudu take,
matakala ɗari da sittin daga ƙofa zuwa kasuwar kifi.
A ta casa'in, inda kwana ke tare idon malamai,
nan Gaspar yake tsayawa.

Wilner ya zo daga Haiti da jaka mai igiya ɗaya
da Sifaniyanci mai ɗingishi.
Ranar da suka zazzage masa jakar,
iskar teku ta kwashi takardun lissafinsa
ta rarraba wa rufin gidajen mutane.
Na yi dariya. Ni, Rayén. Ba zan ɗora wa kowa ba.
Dariyar ta biyo ni gida, ta zauna a bakin gadona,
ta hana ni cin burodin da kaka ta gasa.

Washegari na warware tsohuwar rigar ulun kaka
na yayyanka zaren.
Mu huɗu muka fara ɗaurawa a wuyan hannu:
ni, Fresia, Amaro mai in'ina,
da Maite da ko kare ba ta tsoro.
Dokarmu guda ce, ko rubuta ta ba mu yi ba:
ba mai sauka shi kaɗai.

Ba mu daki kowa ba.
Tafiya kawai muka yi, kafaɗa da kafaɗa,
har matakalar ta yi mana kaɗan.
Gaspar ya tofar da yawu, ya ce, "'Yan zare!"
Kafin sati uku zare ya hau hannu talatin da ɗaya,
rigar kaka ta saura hannu guda.

Wata Laraba, hazon teku ya rufe tasha, jiragen ruwa na kuka,
muka tarar da shi zaune a ta casa'in,
leɓe a fashe, ba mu san hannun wa ba,
abokansa sun yi ɓatan dabo.
Maite ta ce mu wuce, kowa ya girbi abin da ya shuka.
Wilner ya tsaya cak.
Ya ce, kalmominsa na ɗingishi,
"Doka ba ta ce sai wanda muke so ba."

Muka sauka da shi saba'in ɗin da suka rage, shiru.
Bai gode ba. Bai karɓi zare ba.
Har yau ban san ko ya canza ba.
Na dai san a ta casa'in yanzu
wata kyanwa ce ke barci a rana,
kaka kuma ta ce in sayo mata ulu,
sanyi ya kusa.